Babi na Shida: Wa Ya Duba Alau Kafin Ruwa Ya Iso Gwange?

Unguwar Gwange tana kwance ne a gefen kogin Ngadda, a tsakiyar Maiduguri. Da rani kogin ba shi da wani kwarjini: ruwa kaɗan a kwari, yashi, bola, yara na tamaula, masu wankin keke Napep na ta aikinsu. Amma ruwan da ke bi ta nan daga nesa yake tasowa. Kogunan Yedzaram da Gombole su ke zuba a fadamar Sambisa, daga can Ngadda ya ɗauka, ya biyo ta ƙasar Konduga, ya ratsa birni, ya je ya baje a fadamar Jere inda manoman Zabarmari ke shuka shinkafa. A kan wannan hanya, kimanin kilomita 20 kafin a shigo gari, aka gina madatsar ruwa ta Alau tsakanin 1984 da 1986, domin ba birnin ruwan sha da kuma noman rani. An tsara ta riƙe ruwa kubik mita miliyan 112, kuma Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi, ta gwamnatin tarayya, ita ke kula da ita.

Daren Litinin 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata, ruwan ya fi ƙarfin Alau. Mutanen Gwange na cikin waɗanda ya fara cimmawa, suna barci. Kafin rana ta yi tsaka ya shiga Kasuwar Monday, ya shiga fadar Shehun Borno, ya shiga Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, ya mamaye maƙabartar Gwange. Gidan ajiye namun daji na Sanda Kyarimi ya yi asarar mafi yawan dabbobinsa, katangar gidan yari ta faɗi, fursunoni 281 suka fice. Hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, NEMA, ta ce kashi 70 cikin ɗari na birnin ya shiga ruwa. Gwamna Babagana Umara Zulum ya ce abin ya shafi mutum kusan miliyan ɗaya. Sansanin Bakasi, wanda aka rufe a 2021 bayan an sallami 'yan gudun hijirar Boko Haram, sai ga shi an sake buɗe shi, wannan karon domin 'yan gari.

Dattawan Gwange ba baƙin wannan ruwa ba ne. A 1994 ma, shi ma cikin Satumba, Alau ta tumbatsa ta cinye unguwannin bakin kogi. Tsakanin waccan ambaliya da ta 2024 shekara talatin cif. Wannan tazara ita ce abin da babin nan ya damu da shi, domin shekara talatin ta isa a duba, a rubuta, a gyara, a sake dubawa. Akwai ilimi sukutum da aka gina domin wannan aiki, akwai dokoki, akwai hukumomi masu karɓar albashi a kansa, kuma ya kamata mai karatu ya san su da sunayensu.

Abu na farko da za a lura da shi: Alau ta girmi dokar muhalli ta Najeriya. Lokacin da ake zuba jingarta babu wata doka a ƙasar nan da ta tilasta wa mai babban aiki ya zauna ya lissafa abin da aikinsa zai jawo wa ƙasa da ruwa da mutane. Amurka ce ta fara kafa irin wannan doka, ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 1970, sauran ƙasashe suka bi sahu a hankali. Mu kuwa sai da masifa ta ƙwanƙwasa ƙofa. A 1988 aka gano cewa wasu 'yan kasuwar Italiya sun jibge gangunan dagwalon masana'antu mai guba, sama da tan 3,500, a wani fili a ƙaramin garin Koko da ke jihar Bendel ta wancan lokaci, suna biyan mai filin dala 100 a wata. Abin ya girgiza gwamnatin Janar Babangida. A shekarar aka yi dokar hana shigo da shara mai guba, aka kuma kafa hukumar kare muhalli ta tarayya, FEPA. A 1992 aka fito da doka mai lamba 86, ta tantance tasirin ayyuka ga muhalli, wadda har yau ita ke aiki. A 1999 FEPA ta narke cikin sabuwar Ma'aikatar Muhalli, a 2007 kuma aka kafa NESREA domin tabbatar da ana bin ƙa'idojin.

Abin da dokar 1992 ta ce ba shi da wuyar fahimta. Tun ran gini tun ran zane. Kafin a sa diga a ƙasa, ko gwamnati ce mai aikin ko kamfani, sai an auna wurin yadda yake: ruwansa, iskarsa, ƙasarsa, itatuwansa, mutanen da ke ci daga gare shi. Sai a yi hasashen abin da aikin zai canja. Sai a kawo wasu zaɓuɓɓuka, har da zaɓin a fasa aikin baki ɗaya. Sai a faɗi yadda za a rage ɓarnar da ba makawa, da wanda zai biya. Dokar ta jera ayyukan da wannan bincike ya zama musu dole, ciki har da madatsar ruwa mai faɗin hekta 200 ko fiye, da gonar da ta kai hekta 500, da rukunin gidaje da ya kai hekta 50. Idan an kammala rahoton, ana ajiye shi a bainar jama'a kwana 21 na aiki, a sanar a jarida da rediyo, domin duk mai ƙorafi ya karanta ya kai kokensa kafin minista ya sa hannu.

A takarda tsarin yana da kyau, amma yana da ramuka biyu da kowa a harkar ya sani. Na farko, mai aikin ne ke ɗauko ƙwararren da zai rubuta rahoton, shi ke biyansa, kuma ba kasafai ake samun wanda zai rubuta wa mai biyansa cewa aikinka bai dace ba. Na biyu, rahoton kan zo da Turanci mai nauyi, shafi ɗari uku ko huɗu, a ajiye shi a ofishin ma'aikata. Bulaman da ke Gwange Sabon Layi, ko matar da ke suyar ƙosai a bakin gada, ta yaya za su san an ajiye wani abu, balle su karanta? An cika sharaɗin doka, amma ba a ji ta bakin kowa ba. Ga kuma tara: kamfanin da ya taka dokar, mafi yawan abin da za a ci shi naira miliyan ɗaya ne. A 1992 wannan kuɗi ne mai tsoratarwa. Yau ɗan kwangilar da ke riƙe da aikin biliyoyi ba zai ko ɗaga kai ba.

Mutanen Arewa sun riga sun ɗanɗana abin da gini ba tare da lissafi ke haifarwa. Madatsar Tiga ta 1974 da ta Challawa ta 1992 sun canja tafiyar ruwan kogin Haɗeja, ciyawar kacala ta toshe hanyoyin ruwa a dausayin Haɗeja da Nguru, masunta da manoma suka rasa wurarensu. A Bakolori, cikin Afrilu 1980, manoman da aka karɓe wa gonaki saboda aikin madatsar ruwa suka yi bore, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Duk waɗannan kafin dokar ne ko a bakin zuwanta.

To amma ko da dokar 1992 ta fi haka ƙarfi, ba za ta ceci Gwange ba, domin tana magana ne a kan abin da ba a gina ba tukuna. Abin da ya riga ya tsaya, kamar Alau, wani makami ne daban ke tsaronsa, wato binciken muhalli na bin diddigi, irin wanda odita ke yi wa littafin kuɗi. Mai gidan ƙasa ya san wannan aiki ko bai san sunansa ba. Kowace shekara kafin damina yakan hau soro ya duba inda ya tsage, ya share indararo, ya kira magini a yi yaɓe, domin ginin da ya yi kyau ranar tarewa ba shi ne ginin bana ba. Haka madatsa take. Kowace damina kogi na kawo laka da yashi ya zube a cikinta, cikin ya riƙa cikewa, ruwan da take iya riƙewa ya ragu. Jingar ƙasa tana zaizayewa, tana zama, ɓeraye da saiwoyi na huda ta. Ƙofofin sakin ruwa suna tsatsa. A can ƙasa kuma garin da aka gina ta dominsa yana girma yana matsowa bakin kogi. Maiduguri ta 1986 ba ita ce ta 2024 ba: rikicin Boko Haram ya koro dubban ɗaruruwan mutane daga ƙauyuka, kuma wanda ya zo ba shi da komai, filin bakin ruwa shi ne mai araha.

Ƙa'idojin NESREA sun ce wuraren aiki da ke ƙarƙashin kulawarta su gabatar da rahoton irin wannan bincike duk shekara uku. Mai binciken kirki ba ya gamsuwa da a zaunar da shi a ofis a ba shi shayi. Takarda yake nema, sannan ya je ya gani da idonsa. Da ya je Alau, tambayoyinsa ba su da yawa. Yaushe aka auna zurfin laka na ƙarshe, kuma nawa ne ya rage daga miliyan 112 ɗin? Ina littafin da ake rubuta tsayin ruwa kullum? A wane tsayi ake buɗe ƙofofi, wa ke ba da umarni, kuma idan ba a same shi a waya ba wa ke biye da shi? Kuɗin gyara da aka sa a kasafi, me aka yi da su, ina shaidar aikin? Abin da ya lalace a 1994, an gyara shi gyaran dindindin ko an toshe ne kawai? Sai babbar tambaya, wadda ta fi shafar Gwange: idan jinga ta ɓalle da tsakar dare, awa nawa ruwan zai yi kafin ya iso gadar Fori, ya iso Lagos Street, ya iso Gwange, kuma wa zai tashe mutane?

Wannan tambaya ta ƙarshe tana da amsa a kimiyyance. Injiniyoyi na iya zana taswirar da ke nuna inda ruwa zai kai da zurfinsa da lokacin isarsa, layi bayan layi. Da irin wannan taswira ake sanin inda za a kafa jiniya, da makarantar da za a tara mutane, da hanyar da ba za ta yanke ba. Maiduguri ba ta rasa hanyar isar da saƙo ba. Akwai lasifika a kowane masallaci, akwai bulama a kowace unguwa, akwai lawani, akwai 'yan sa-kai na Civilian JTF da suka san kowane lungu, akwai gidajen rediyo. Awa uku na gargaɗi mai ƙarfi sun isa uwa ta goya ɗanta, ta ɗauki takardunta, a ɗora tsoho a keke. 'Yan kwanaki kafin ambaliyar, da ruwa ya fara cin gonakin kusa da madatsar, wata tawagar gwamnatin jiha ta je ta duba, ta dawo ta ce wa jama'a su kwantar da hankalinsu. Ban ɗauka sun yi nufin yaudarar kowa ba. Abin da nake gani shi ne ziyarar manya da kallon ido ba za su taɓa maye gurbin ma'auni da lissafi ba. Bayan abin ya faru, Ministan Albarkatun Ruwa, Farfesa Joseph Utsev, ya ce ba madatsar ce ta rushe ba, ruwa ne ya yi mata yawa ya tumbatsa. Ko da haka ne, tambayar tana nan: me ya sa yawan ruwan ya zo wa masu kula da ita da mamaki, alhali hukumar tattara bayanan ruwa ta ƙasa, NiHSA, na fitar da hasashen ambaliya kowace shekara kafin damina?

Manyan kamfanonin duniya sun tattara irin wannan kula a cikin tsari guda da ake kira ISO 14001, wanda ya fito a 1996, aka sabunta shi a 2004 da 2015. Ba ya gaya wa kamfani yawan hayaƙin da zai fitar. Abin da yake nema shi ne kamfani ya san duk inda aikinsa ke taɓa muhalli, ya san dokokin da suka hau kansa, ya sa wa kansa buri, ya ba wani mutum takamaimai alhakin kowane abu, ya yi tanadin ranar gaggawa ya kuma gwada shi, ya binciki kansa, sannan shugabanni su zauna su duba sakamakon su gyara. A tsara, a aikata, a duba, a gyara, a koma farko. Zuciyar tsarin ita ce duk aibin da aka gano a rubuta shi, a sa masa suna da ranar gyara, kuma ba a rufe shafinsa sai an tabbatar ba zai dawo ba. Da ma'aunin nan, ambaliyar 1994 shafi ne da aka bari a buɗe shekara talatin.

Kada kuma mai karatu ya ɗauka takardar shaida ita ce kariya. Ranar 25 ga Janairu 2019, madatsar dagwalon ma'adinai ta kamfanin Vale ta fashe a Brumadinho da ke Brazil, ta kashe mutum 270, alhali 'yan watanni kafin nan kamfanin bincike na Jamus, TÜV SÜD, ya sa hannu cewa lafiyarta ƙalau. A Derna ta Libiya kuwa akasin haka aka yi. Masana da masu binciken kuɗin gwamnati sun yi ta gargaɗi cewa madatsu biyu da ke saman garin ba sa samun gyara, ba a saurare su ba, har suka ɓalle cikin Satumba 2023 suka hallaka dubban mutane, shekara guda kafin Alau. A wuri ɗaya an yi bincike an ɓoye gaskiya, a ɗayan an faɗi gaskiya an jefa ta a durowa. Abin da ke hana duka biyun shi ne rahoton ya fito fili, mutanen da ke kwana a ƙarƙashin ruwan su ji abin da ke cikinsa.

Na sha jin ana cewa ambaliya ƙaddara ce. Haka ne, kuma babu musulmin da zai musa. Amma malamanmu ba su taɓa koyar da cewa imani da ƙaddara yana sauke amana daga wuyan wanda aka damƙa wa ita ba. Wanda aka ba tsaron madatsa an ba shi rayukan mutanen Gwange ne, da na Fori, da na Gamboru, kuma za a tambaye shi.

Alhakin bai tsaya a kan hukuma kaɗai ba. Ruwan da ya kwana a ɗakunan Gwange ba ruwan Alau zalla ba ne. Kafin ya iso ya bi ta gidajen mai, da garejin kanikawa da baƙin mansu, da shagunan taki da maganin feshi, da ɗakunan ajiyar magani, da sharar asibitoci, da masai dubu nawa. Ya shiga rijiyoyi da burtsatse. A farkon Oktoba gwamnatin jiha ta sanar da ɓarkewar kwalara. Kowane mai sana'a da ke kan hanyar ruwan nan yana da rabonsa a cikin abin da ruwan ya ɗauko, kuma a nan ne maganar tsarin kula da muhalli ke saukowa daga manyan kamfanoni zuwa kan mai gidan burodi da mai injin casar shinkafa da mai buga bulo. Mai kamfanin fiya wata ba ya buƙatar baƙo daga Legas kafin ya san cewa ledarsa ce ke cika magudana, ko ya gwada ruwan burtsatsensa bayan ambaliya kafin ya ci gaba da ƙullawa. Mai sayar da maganin feshi zai iya ɗaga kantarsa sama da inda ruwan 2024 ya yi zane a bango, domin zanen na nan a gidaje da yawa, kuma babu ma'aunin da ya fi shi gaskiya. Littafi ɗaya na naira ɗari biyar ya isa: me muke ajiyewa mai haɗari, ina muke zubar da dattinmu, wa ke da alhaki, yaushe muka duba. Hukumar tsaftar muhalli ta jiha, BOSEPA, wadda aka fi sani da kwashe shara da yashe kwata, za ta fi amfani idan jami'inta ya riƙa neman ganin wannan littafi, ya kuma koya wa wanda ba shi da shi yadda ake cika shi, kafin a kai ga maganar tara.

Haka nan maganar rushe gine-ginen da ke kan hanyar ruwa. Kogi dole a bar masa hanyarsa, wannan ba abin jayayya ba ne. Sai dai tayar da mutane ma aiki ne mai tasiri, kuma ƙa'idar tantancewa ta shafe shi: a ƙidaya su, a ji ta bakinsu, a san inda za su koma kafin katafila ta iso. Wanda aka tasa ba a ba shi madadi ba, wani bakin kwarin zai koma.

Cikin Fabrairu 2025 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 domin sake gina Alau da faɗaɗa ta, aka kuma ƙaddamar da aikin cikin makonnin da suka biyo baya. Wannan karon babu uzurin cewa madatsar ta girmi doka. Aiki ne sabo, a ƙarƙashin dokar 1992, da kuɗin jama'a, a saman birni mai miliyoyin mutane. Ya kamata a fitar da rahoton tantancewarsa, a taƙaita shi da Kanuri da Hausa da Larabcin Shuwa, a karanta a rediyo. Ya kamata a buga taswirar inda ruwa zai kai, a liƙa ta a ƙofar kowane lawani. Ya kamata a sa ranar binciken madatsar kowace shekara kafin watan Yuli, waɗanda za su yi shi kuma kada su zama ma'aikatan hukumar da ke kula da ita, kada kuma su zama na ɗan kwangila.

Dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba kowane ɗan Najeriya damar rubuta wa hukumar tarayya ya nemi takarda, ba sai ya faɗi dalilinsa ba, kuma an ba hukumar kwana bakwai ta amsa. Ƙungiyoyin ci gaban Gwange ta ɗaya da ta biyu da ta uku, da limamai, da malaman Jami'ar Maiduguri da ke maƙwabtaka da unguwar, su haɗu su rubuta wa Hukumar Raya Yankin Tafkin Chadi da Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, su nemi rahoton tantance sabon aikin, da rahoton binciken madatsar na ƙarshe, da tsarin gargaɗin gaggawa. Su rubuta bana, kafin damina, su kuma sake rubutawa baɗi.